Yadda ake tace furotin mai kariya daga zafi, da yadda ake gwada shi a kan inzayim

Inzayim, wato furotin masu hanzarta haɗuwar sinadarai, da ake amfani da su a ɗakin gwaje-gwaje da masana'antu suna da rauni guda: da zarar zafi ya wuce abin da suka saba, sai lanƙwashewar jikinsu ta warware, ɓangarorin da ba sa shiri da ruwa su fito fili, su manne wa juna, furotin ya dunƙule ya tashi daga aiki. Ƙwayoyin halittar da ke rayuwa a maɓuɓɓugan ruwan zafi da ƙarƙashin teku suna da masu gadin da ke hana wannan, wato furotin da ake kira shaferon. Pyrococcus furiosus, wanda aka bayyana a 1986 daga gaɓar tsibirin Vulcano na Italiya, ya fi jin daɗin girma a digiri 100 na ma'aunin Salshiyos. Methanocaldococcus jannaschii kuwa a digiri 85 yake bunƙasa. Shaferon ɗinsu ba ya lalacewa a zafin da ke kashe na sauran halittu, shi ya sa ake aro shi.

Kafin ka sayi komai, ka san wane iri kake so, domin aikinsu ba ɗaya ba ne. Ƙananan furotin na zafi, irin su Hsp16.5 na M. jannaschii, masu riƙo ne kawai. Suna cafke furotin da ya fara warwarewa su hana shi dunƙulewa, ba sa buƙatar ATP, sinadarin da ke ba ƙwayar halitta kuzari, amma kuma ba sa sakinsa da kansu. Hsp16.5 guda 24 ne ke haɗuwa su zama ƙwallo mai rami a ciki, faɗinsa nanomita 12, nauyinsa kusan kilodalton 400. Babban shaferon na akiya (rukunin halittun da waɗannan ƙwayoyi biyu ke ciki), wanda ake kira tamosom, zobe biyu ne a ɗore, kowanne da ɓangare 8 ko 9. Shi yana mayar da furotin siffarsa, sai dai da ATP da maganiziyam yake aiki, kuma tace shi ya fi wuya. Mai farawa ya kama ƙaramin.

Ba sai ka rena ƙwayar zafin kanta ba, wadda ke son wurin da babu iskar oksijin. Ana sa jin (gene), wato guntun DNA mai ɗauke da umarnin gina furotin ɗin, a filasmid (ƙaramin zoben DNA) na pET, a shigar da shi cikin bakteriyar E. coli nau'in BL21(DE3). A nan matsala ta farko take. Akiya na yawan amfani da kodon (haruffan DNA uku da ke nuna amino asid guda) AGA da AGG wajen ajinin, da ATA wajen aisolusin, waɗanda E. coli ba ta da isasshen tRNA mai karanta su. Sakamakon shi ne furotin kaɗan, ko guntaye. Ko dai ka yi odar jinin da aka gyara wa kodon, ko ka yi amfani da nau'in Rosetta, wanda ke buƙatar ƙarin kuloramfenikol mikirogiram 34 a kowace mililita. Game da wutsiyar histidin da ake liƙa wa furotin don sauƙin tacewa, kada a sa ta idan da hali. Bakin farko na sarƙar Hsp16.5 a cikin ramin ƙwallon yake, bakin ƙarshe kuma shi ke ɗaure ɓangarorin da juna, saboda haka wutsiya a kowane gefe tana iya ɓata haɗuwar. Zafi zai yi maka yawancin aikin da wutsiyar za ta yi.

Ka shuka E. coli ɗin a lita 1 ta ruwan LB, abincin renon bakteriya, mai maganin da filasmid ɗinka ke jurewa, misali kanamaisin mikirogiram 50 a mililita idan pET28 ne. Girgiza a digiri 37 har duhun ruwan a nanomita 600 ya kai 0.6, sannan ka zuba IPTG, sinadarin da ke sa ƙwayoyin su fara gina furotin ɗin, milimola 0.5, ka bar shi awa 3 zuwa 4. Ɗebi mililita 1 kafin IPTG da kuma bayansa ka ajiye don jel, gwajin da ke jera furotin layi-layi bisa nauyinsu. Juya ƙwayoyin a na'urar santirifuj a ƙarfin g 5,000 na minti 15, ka zubar da ruwan sama, ka kwaɓa abin da ya kwanta a mililita 30 na ruwan bofa mai tsayar da pH: HEPES milimola 50 a pH 7.5, da sodiyam kulorayid milimola 100. Fasa ƙwayoyin da na'urar sauti a kan ƙanƙara, daƙiƙa 10 tana aiki, 20 tana hutawa, har ruwan ya daina yauƙi. Sake juyawa a g 20,000 na minti 30.

Yanzu matakin da ke da daɗi. Raba ruwan saman a bututu na mililita 10 ko ƙasa da haka, ka tsoma su a ruwan zafi na digiri 70 zuwa 75 na minti 20 zuwa 30. Cikin 'yan mintuna za ka ga ruwan da ke garau ya yi fari fat, ya fara gudaji: furotin ɗin E. coli ne ke mutuwa, naka yana nan a narke. Sa a ƙanƙara minti 15, ka juya a g 20,000 na minti 30, ka kwashe ruwan sama.

Abu uku ke lalata wannan mataki. Na ɗaya, bututu mai girma: idan ka dumama mililita 50 a tare, tsakiyar ruwan ba ta kai digiri 70 da wuri, sai tacewar ta zama rabi-rabi. Na biyu, bofa na Tris. pH ɗinsa yana sauka da kusan 0.03 a kowane digiri, don haka wanda ka daidaita a 8.0 a digiri 25 zai koma wajen 6.6 a digiri 75, kuma hakan kaɗai na iya kwantar da furotin ɗinka. Na uku ya fi ban haushi, domin halin furotin ɗin ne kansa. Aikinsa kama furotin mai warwarewa, kuma ka jefa shi cikin dubbansu. Wani kaso zai kwanta tare da abin da ya riƙe, wani kuma zai taho a narke ɗauke da kayan E. coli a jikinsa. Idan jel ya nuna layinka na kilodalton 16.5 ya fi yawa a abin da ya kwanta, ka ninka ruwan bofa sau biyu kafin dumamawa, ko ka rage zafin zuwa digiri 65.

Bayan nan a bi da shi ta kwalam (bututun tacewa) na musayar ayon, sannan kwalam mai tantance girma irin Superdex 200. Inda ya fito shi ne shaidarka. Kusa da kilodalton 400, ƙwallon ya haɗu daidai. Idan ya fito tun a gaba-gaba, ya dunƙule ko yana ɗauke da baƙin furotin. Auna hasken da yake sha a nanomita 260 da 280: idan rabon ya haura 0.6 sosai, akwai DNA a ciki, domin zafi ba ya kwantar da DNA. Sa DNase, inzayim mai sassare DNA, tun lokacin fasa ƙwayoyi yana rage wannan.

Gwajin da aka fi yi shi ne na inzayim ɗin sitiret sintes, wanda ke dunƙulewa a digiri 43. Ana sa shi a HEPES milimola 40, pH 7.5, a bibiyi gurɓacewar ruwan a nanomita 340 na minti 40, da shaferon da kuma babu shi. Sai dai a kula: digiri 43 sanyi ne ga furotin da ya saba da 85. A irin wannan zafin ɓangarorin ƙwallon ba sa musayar wuri da sauri, wuraren kamun ba sa buɗewa sosai, sai ka ga kamar ba ya aiki alhali lafiyarsa ƙalau. Ko ka ƙara yawansa, ka gwada ɓangare 1, 4 da 10 a kan kowane ɓangare 1 na inzayim, ko ka zaɓi inzayim da ke lalacewa a digiri 70 zuwa sama.

Taq folimires, inzayim ɗin da ke kwafar DNA a gwajin ninka DNA da ake kira PCR, ya dace da haka. Daga Thermus aquaticus ya fito, ƙwayar da Thomas Brock da Hudson Freeze suka bayyana a 1969 daga Yellowstone ta Amurka. Rabin ƙarfinsa yana tafiya cikin kusan minti 40 a digiri 95, da kusan minti 9 a digiri 97.5. Shirya bututun PCR, ka dumama Taq a digiri 97 na minti 0, 10, 20, 40 da 60, da shaferon da babu, murfin na'urar yana da zafi don kada ruwan ya ƙafe. Sannan ka ƙara DNA da sauran kayan haɗi, ka yi PCR na zagaye 20 zuwa 25 kawai. Zagaye 35 yana ɓoye bambancin, domin ko ragowar inzayim kaɗan zai cika layin a jel. Dole a sa bututun kwatance mai BSA, furotin na gama-gari daga jinin shanu, daidai nauyin shaferon. Kowane furotin mai yawa yana ba da 'yar kariya, don haka abin da ya haura na BSA shi ne aikin shaferon na gaskiya.

Ruwa ya zauna garau ba ya nufin inzayim na da rai. Mai riƙo zai iya hana dunƙulewa ɗari bisa ɗari, inzayim ɗin kuma yana ɗaure a jikinsa ba ya taɓuka komai. Shi ya sa ake auna abu biyu daban, gurɓacewa da kuma aikin inzayim. Idan na farko ya yi kyau na biyu bai motsa ba, ana buƙatar mai saki, wato tamosom da ATP. A nan a tuna ATP yana kama maganiziyam, sai a ƙara maganiziyam milimola 1 ga kowace milimola 1 ta ATP, in ba haka ba PCR, wanda shi ma maganiziyam yake buƙata, zai mutu a ɗora wa shaferon laifi. Sinadarin EDTA da ya biyo daga bofar tacewa ma haka yake yi, kuma ragowar DNA na E. coli zai ba da layin ƙarya idan jin 16S na bakteriya kake nema.

Ramin da ke cikin Hsp16.5, mai faɗin nanomita 6.5, ya buɗe wani amfani dabam. Masu bincike a Jami'ar Jihar Montana sun sauya amino asid na 41 daga gilaisin zuwa sistin, suka samu wurin ɗaura maganin ciwon daji na doksorubisin a cikin ƙwallon. Mai son bin wannan hanya ya riƙa sa TCEP ko DTT milimola 1 a bofarsa tun daga fasa ƙwayoyi, don kada sistin ɗin su ɗaure juna. DTT kuwa a cire shi ta kwalam kafin a zuba maganin da ke ɗauke da maleyimid, sinadarin da ke liƙa shi da sistin, domin zai riga furotin ɗin kama shi.