Darasi na 7: Kashin Yawo, Daga Tsiro Zuwa Ƙaya

Kashin yawo baƙo ne a ƙasar nan. Asalinsa daga Kudancin Amurka yake, amma yau ya cika bakin burtali, makwantar shanu da gonakin gyaɗa da auduga, daga Gusau har Ƙaura Namoda. Da damina yake fitowa, ya bushe da kaka.

Idan ruwa ya zauna, ku zaɓi tsiro guda a gefen gona, ku kafa tsinke kusa da shi, ku riƙa duba shi duk mako. Ganyensa biyu-biyu ne, suna fuskantar juna. Jikinsa duk gashi ne. Kowane reshe kan rabu biyu, kowanne ya sake rabuwa biyu, har tsiron ya kai gwiwa ko ya ɗan wuce.

Mutane da yawa na cewa ba ya fure. Yana yi, ƙanƙanta ce ta ɓoye shi. Kamar mako 5 zuwa 6 bayan ya tsiro, ku leƙa daidai inda reshe ya rabu. Nan za ku ga ɗan tsukun fure mai launin ɗorawa da ɗan kore, bai kai ƙwayar wake ba. Furannin tsakiya maza ne, garin fure mai barbarar furanni mata kawai suke bayarwa. Na gefe su ne mata, su ke zama 'ya'ya. Shi ya sa 'ya'yan ke jeruwa a zagaye kamar tauraro, galibi 5 zuwa 8, tsakiyar kuma fayau. Kowane ɗa yana da ƙananan ƙayoyi masu lanƙwasa da dogaye guda biyu a ka. Da su yake maƙalewa a gashin tumaki, jelar shanu da bakin wando.

A nan manomi ke makara. Sai ƙaya ta soke shi wajen tugar gyaɗa yake tunawa da ciyawar, alhali iri ya riga ya zuba, kuma yakan yi shekaru a ƙasa bai mutu ba. Ku tuge shi har saiwa da zarar fure ya bayyana. Wanda ya riga ya yi ƙaya, a tara a ƙona. Kada a zuba shi cikin taki, kada kuma a ba awaki, domin yana cutar da su.

Aikin gida: ku zana tsironku a littafi, ku rubuta ranar da kuka fara ganin fure da yawan 'ya'yan da ke tsuku ɗaya.