Horar da Ƙwaƙwalwa Kan Ciwo Mai Daɗewa: Inda Aka Fi Yin Kuskure

Ciwon da ya haura wata uku ba ya tafiya kamar sabon rauni. Laka da ƙwaƙwalwa sukan yi saurin ɗaukar saƙo, har sunkuyawa kaɗan ta tayar da zogi ko da naman ya warke. Hotunan ƙwaƙwalwar masu ciwon baya sun nuna cewa idan ciwon ya daɗe, aikin yakan karkata zuwa sassan tsoro da motsin rai. Horon tunani, irin su CBT (hanyar jinya ta gyara tunani da ɗabi'a), yana koya wa ƙwaƙwalwa ne cewa wannan zogin ba alamar haɗari ba ne.

Kuskure mafi muni shi ne farawa ba tare da likita ya duba ba. Rama babu dalili, zazzaɓi, mutuwar jiki a tsakanin cinyoyi ko kasa riƙe fitsari, duk na asibiti ne nan take. Haka kuma ba a yanke magani kwatsam don an fara horo.

Wanda ya fi yawa kuwa shi ne mayar da atisayen numfashi da lura da jiki makamin korar ciwo. Mutum ya zauna yana numfashi, amma kowane minti yana leƙawa ko ya ragu. Wannan leƙen kansa yana gaya wa ƙwaƙwalwa akwai barazana. Gyaran shi ne a zaɓi lokacin da zogin yake da sauƙi, a yi minti uku zuwa biyar ana lura da shi kawai: zafi ne ko tsami, yana tsaye ko yana yawo. Idan ya tsananta, a dakata, a bar shi sai wani lokaci.

Sai yaudarar kai. "Ba na jin komai" ƙarya ce, kuma ƙwaƙwalwa ta sani. Maimakon "bayana ya lalace", a ce "ya taɓa tashi haka, ya kuma lafa".

Akwai kuma zarmewa ranar da aka ji sauƙi, a yi aikin mako guda, a kwanta kwana uku. A auna mintunan da ake iya tafiya na 'yan kwanaki, a ɗauki matsakaicin, a rage kashi 20 cikin 100, a riƙa yin hakan kullum, da sauƙi ko babu. Duk mako a ƙara kusan kashi 10.

Masu gaggawa sukan watsar tun da wuri. A binciken da masanin kimiyya Seminowicz da abokan aikinsa suka wallafa a 2013, bayan mako 11 na CBT ne aka auna ƙaruwar girman wasu sassan gaban ƙwaƙwalwa, masu daidaita tunani a kan ciwo. Barci da zirga-zirga sukan riga zogin gyaruwa, don haka su ya kamata a riƙa rubutawa duk mako.