Kafin ka ce haɗin sautin kewaye bai yi ba

Na gaji da jin magana ɗaya daga bakin sababbin shiga harkar sautin kewaye, wato kiɗan da ake rarraba shi ga sifikun gaba da na baya. Mutum zai sayi hom tiyata mai sifika biyar da ufa (sifikar bes, wato amo mai kauri), ya saka faifan ƙungiyar mawaƙan Ingila Pink Floyd na 1973, The Dark Side of the Moon, ya saurari rabinsa, ya fito yana yanke hukunci: wai babu bambanci da sitiriyo mai layi biyu, hagu da dama, wai sifikun baya ba sa komai, wai an ɓata kiɗan. Ka bi shi gida ka duba, za ka tarar bai ma ji haɗin da yake kushewa ba. Da wannan faifan zan yi misali domin shi na fi sani, kuma yana cike da amon sintasaiza (na'urar kiɗa ta lantarki), wanda ba ya rufa wa kayan da aka saita ba daidai ba asiri.

Kuskuren da ya fi kowane girma shi ne jin sitiriyo ana zaton sautin kewaye ne. Ni kaina ya ci min kuɗi masu ciwo. A 2003 injiniyan sauti James Guthrie ya haɗa faifan a tsarin 5.1, wato sifika biyar da ufa, aka fitar da shi a kan SACD, wani nau'in faifan kiɗa da ya ɗara CD, don cikarsa shekara 30. Wannan faifai hawa biyu ne: akwai hawan CD na yau da kullum mai layi biyu, akwai hawan da ke ɗauke da layuka shida. Na sa aka kawo min shi daga waje da tsada, na zura a na'urar DVD da ba ta san SACD ba, na jona ta da amfilifaya da wayar oftikal. Sauti ya fito ta kowace sifika, na ɗauka shi ke nan. Ashe hawan CD na'urar ke karantawa, amfilifaya kuma tana ɗaukar layi biyun nan tana watsa su ɗakin da Dolby Pro Logic II (PLII), tsarin da ke kwaikwayon sautin kewaye. Da na ji bayan ɗakin babu armashi, sai na ɗora laifin a kan sifikuna, na sayar da su da asara, na sayi masu tsada. Babu abin da ya canza, domin ciwon ba a nan yake ba. Wanda ya sayar min da sababbin ya ga yadda na jona kayan, ya karɓi kuɗinsa bai ce uffan ba, kuma har yau abin yana ƙona min rai.

Ku sani, wayar oftikal ba ta ɗaukar layuka shida na SACD, ba ta ɗaukar Dolby TrueHD ko DTS-HD Master Audio da ke kan Blu-ray. Iyakarta sitiriyo, ko Dolby Digital da DTS da aka matse. HDMI kake buƙata, ko wayoyi shida na analog daga na'urar da ta san faifan. In ta talabijin sautin ke bi, ARC na da, wato hanyar maido da sauti zuwa amfilifaya ta HDMI, shi ma ƙuntatacce ne, sai sabonsa eARC. Ni dai al'adata, ba na zama sai na kalli fuskar amfilifaya. In na ga ta rubuta PCM 2.0 ko PLII, na san layi biyu kawai take samu, sai na tsayar da faifan. Sannan ina da gwajin da ba ya ƙarya: na zare wayoyin sifikun gaba, na saka farkon waƙar "Time", wadda ke buɗewa da bugun agoguna, na saurari na baya kaɗai. Agogunan nan Alan Parsons, injiniyan da ya naɗi faifan, ya naɗe su ɗaya bayan ɗaya a shagon kayan da, tun asali don gwajin tsarin sifika huɗu. A haɗin gaskiya za ka ji agogo cikakke yana bugawa a bayanka, mai zaman kansa. A na jabu kuwa, wani siririn amsa-kuwwa za ka ji na abin da ke gaba.

Sai maganar wurin ajiye sifika, kuma a nan ba zan sassauta ba. Shiga falo goma a garuruwanmu, za ka ga sifikun nan biyar an jera su reras a kan kanta ƙarƙashin talabijin, an ɗora musu furen roba. Malam, me ka saya? Ka biya kuɗin sautin kewaye, ka tara shi wuri guda, sannan ka zo kana cewa babu bambanci. Ta ina bambancin zai fito? A kiɗan "On the Run" na faifan an ɗauki jerin amo takwas a na'urar sintasaiza ta EMS Synthi AKS aka ƙara masa gudu, ga takun mutum yana tsere, ga ƙarar abin da ke wucewa kamar jirgi. Duk daɗin wannan wurin yana cikin yadda abubuwan ke ratsa ɗakin su bi ta bayan kanka. 'Yan Pink Floyd tun a Mayun 1967 suka yi wasa a zauren Queen Elizabeth da ke Landan da sifiku kewaye da jama'a, suna juya sauti daga kusurwa zuwa kusurwa. Kai kuma bayan shekara hamsin da ɗoriya ka mayar da shi layi ɗaya saboda kada waya ta ɓata maka ado. Ƙa'idar da ɗakunan haɗa sauti ke bi sananniya ce: ta tsakiya tana fuskantarka, hagu da dama kowace digiri 30 daga tsakiya, na baya wajen digiri 110, wato gefe da gefe, ɗan baya da kafaɗarka. Ba can ƙuryar bango ba, ba kusa da silin ba. Na san kujerun yawancinmu manne suke da bango. Ni jawo kujera ɗaya nake yi zuwa tsakiyar falo idan zan saurara, in mayar da ita idan na gama. Wayoyin kuma bi da su ƙarƙashin kafet, ba wani aiki ba ne.

Kuskure na biyu da ya ci min dukiya ya fi na farko zafi, domin wannan karon kayan ne suka mutu. An ƙera yawancin hom tiyata ne don fim, inda sifikun baya ba su da aiki sai ɗaukar ƙarar ruwan sama da hayaniyar titi, shi ya sa ake yin su ƙanana. Haɗin kiɗa ba ya tausaya musu haka. Mai haɗawa yana iya aika amon sintasaiza mai nauyi gaba ɗayansa zuwa baya, kuma irin wannan amo ba ya bugawa ya wuce kamar ganga, tsayawa yake yi yana gurnani. A cikin saitin amfilifaya kowace sifika ana zaɓa mata Large ko Small. Na zaɓa wa nawa Large duka, ina ganin hakan ne zai ba su cikakken ƙarfi. Ma'anarsa kuwa ita ce na ce wa amfilifaya ta tura musu bes ɗin da ba za su iya ɗauka ba. Na ƙure murya, fashewar ƙarshen "On the Run" ta zo, daga nan sifikar baya ta dama ta fara kakari, ba ta ƙara dawowa daidai ba. Mai gyara ya sake naɗa mata waya, amma muryarta ta bambanta da 'yar'uwarta, dole na sayi biyu sababbi. Don Allah ku sa Small. Ko sifikar ta kai gwiwarka tsawo, in kana da ufa, sa Small. Yawanci ana cewa a raba a 80 Hz, abin da ke ƙasa ya tafi ufa. Ni ga ƙananan sifikun baya 120 nake sawa, kuma ban damu da masu cewa ya yi yawa ba, su ba su biya kuɗin da na biya ba.

Sauran ƙanana ne. Kashe saitin Hall da Stadium na amfilifaya da duk danginsu, ƙarin amsa-kuwwa ne a kan aikin da aka riga aka gama. Kashe saitin dare, yana danne wuraren ƙarfi ya ɗaga na sanyi, bugun zuciyar da ya buɗe faifan ya rasa tasowarsa a hankali. Duba ja da baƙin kowace waya, in ɗaya ta juye bes zai zube. Auna nisan kowace sifika da tef ka shigar, domin sauti na tafiyar mita 343 a daƙiƙa, tazarar mita ɗaya ta isa ta karkatar da komai gefe guda. Bluetooth sitiriyo ne, kada ka wahalar da kanka. Ufa kuma ba don girgiza tagar maƙwabta aka yi ta ba. Ni bayan na daidaita duka da ƙarar gwaji, ina rage mata desibel biyu ko uku idan kiɗa zan ji. In janareta na ruri a bayan taga, bari sai an kawo wuta.

Ko bayan an gyara kaya, akwai kuskuren da ke cikin hukuncin kansa. Mutum zai ce "na ji na kewaye, bai yi ba", bai faɗi wanne ba. Uku ne fa. Akwai na Parsons mai layi huɗu na zamanin fitowar faifan, wanda aka sake fitarwa a babban akwatin 2011. Akwai na Guthrie na 2003. Akwai na Dolby Atmos na 2023, tsarin da ke ƙara sauti daga sama. Na Parsons ba shi da layin tsakiya kwata-kwata, don haka mai kukan cewa sifikarsa ta tsakiya ta yi shiru, lafiyarta ƙalau. A kunnena na Parsons ya fi ƙarfin hali, yana raba kayan kiɗa kusurwa-kusurwa, ƙarar kuɗi da injin ciniki a farkon "Money" suna zagaye ka ɗaya bayan ɗaya. Na Guthrie ya fi natsuwa da tsabta, ya fi kusa da hoton sitiriyon da aka saba, sai dai ya buɗe shi ya ba shi zurfi. Ni na Parsons na fi so, amma ba zan yarda a kira na Guthrie rago ba don kawai ba ya wurga sauti bayan kai kowane minti. Wani lokaci aikin sifikun baya shi ne su riƙe amo mai laushi da ba za ka lura da shi ba sai an kashe su, ɗakin ya tsuke nan take.

Haka kuma duk wanda zai gwada sitiriyo da kewaye, ya fara daidaita ƙarfinsu. Kunne yana fifita wanda ya fi ƙara ko da da kaɗan ne, kuma sau da yawa sitiriyon ya fi ƙara a lamba ɗaya ta rimot. Ni da manhajar auna ƙara ta waya nake daidaita su, sannan in saurari waƙa ɗaya cikakkiya a kowanne, ba tsalle-tsallen daƙiƙa goma ba. Wanda kuma ya ji Atmos ta abin kunne a Apple Music, inda aka fara shi a 2021, ya faɗi haka a fili lokacin da yake ba da ra'ayinsa, domin kwaikwayon ɗaki ne a cikin kunne biyu, kuma abin da ya ji daban yake da abin da mai sifiku a ɗaki ya ji.