Kurakuran da Muke Yi Wajen Zaɓar Wurin Wasan Ruwa

Da Sallah ta ƙarato, yara a ƙauyukan Bunkure, Rano ko Ringim kan taru a kan wayar yayansu suna kallon wuraren wasan ruwa na Dubai, sai roƙo ya tashi: "Baba, a kai mu birni." Ina goyon bayan a kai su. Sai dai yadda muke auna waɗannan wurare yana buƙatar gyara.

Abin da ya fi ruɗar mu shi ne tsawon zamiya, wato magangarar da ake sulalowa a kanta zuwa cikin ruwa. Jumeirah Sceirah da ke Wild Wadi a Dubai tana da mita 32, mai saukowa yana kai gudun kilomita 80 a awa, kuma an tsara ƙarshenta yadda za ta tsayar da shi lafiya. Verrückt kuwa, da aka buɗe a Kansas ta Amurka a 2014, ta kai mita 51, babu kamarta a duniya a lokacin. A 2016 kwale-kwalen robar da ake saukowa a cikinsa ya yi sama a tudunta na biyu, yaro ɗan shekara 10 ya rasu, daga baya aka rushe ta. Don haka in ka je, fara da duba inda zamiya ta ƙare. Mai kyau tana ƙarewa da doguwar shimfiɗa mai ruwa kaɗan wadda ke cinye gudu, ko tafkin da aka rubuta zurfinsa ɓaro-ɓaro. Dubi inda zamiya ta yi kwana: bangon waje ya kamata ya fi tsayi, domin can gudu ke jefa mutum. Shafa mahaɗar faiba, wato abin da ake ƙera jikin zamiya da shi, da hannunka, in ta yi kaifi ko ta tsage, a haƙura. Ka kuma tambayi batun janareta, don ruwan da famfo ke kwararowa shi ke sa jiki ya sulale. In wuta ta ɗauke famfo ya tsaya, fata ce za ta goge.

Ado ma yana jan ido. Yas Waterworld ta Abu Dabi, wadda aka buɗe a 2013, an gina ta a kan tarihin masu nutso neman lu'ulu'u, Aquaventure ta Dubai kuma tana da bututun da ke ratsa tafkin kifin shak. Abin sha'awa ne, amma fenti ba ya cire yaro daga ruwa. Ƙirga masu ceto: mutum ɗaya a sama yana ba da izinin sauka, wani a ƙasa idonsa a kan ruwa.

Kuskuren da ya fi damuna namu ne na karkara: "Ai ya iya iyo, a bakin dam ya tashi." Yaron da ya saba da kududdufi ko gaɓar Tiga shi ke shiga ruwa da ƙafarsa, a lokacin da ya so. Zamiya wurgo shi take yi, ruwa a hanci, bai san sama da ƙasa ba. Shi ya sa manyan zamiyoyi ke da sandar awon tsayin yaro, galibi wajen mita 1.2. Kada ka roƙi ma'aikaci, "Don Allah ɗan'uwa, ka bar shi." Kada a sauko biyu a manne, kada a sa kai gaba. A kwanta rigingine, a harɗe ƙafa, hannuwa a ƙirji, a jira na gaba ya fita. Kuma yaron da ke nutsewa sau da yawa ba ya iya ihu, saboda haka a ɗora wa babba ɗaya aikin kallo, ba tare da waya a hannu ba.

Sai ruwan kansa. In ba ka ganin ƙasan tafki, kada kowa ya shiga. Warin kulorin, maganin tsabtace ruwa, mai hawa ido yakan fito ne daga haɗuwarsa da gumi da fitsari, ba shaidar tsafta ba ce. Yaro mai gudawa a bar shi gida.

'Yan mata kuma, dogon hijabi da zani suna nauyi in sun jiƙe, suna iya maƙalewa. A nemo musu kayan iyo masu rufe jiki marasa lilo, a kuma tambaya tun kafin a biya kuɗin mota ko wurin yana da ranar mata.