Darasi: Shugaban ƙungiya da littafin aikinsa

Yawancin ƙungiyoyin manoma da ke watsewa ba sata ce ke watsa su ba. Mantuwa ce da jinkiri. Shugaba ya riƙe komai a ka, taki ya iso bayan masara ta kai gwiwa, sai zargi ya shiga tsakani. Maganin wannan ba shi da tsada: littafin rubutu irin na 'yan makaranta da biro guda.

Tsarin yini

Ka ware wa kowace rana shafi ɗaya. A sama ka rubuta kwanan wata na boko da na Musulunci, domin damina tana bin watan boko, azumi da salla kuwa suna matsowa da kusan kwana 11 duk shekara. Shugaban da bai lura da haka ba zai sa ranar karɓar kuɗi a makon da kowa ke neman na ragon layya.

Ka ja layi biyu daga sama zuwa ƙasa, shafin ya rabu uku: aikin, wanda zai yi shi, da lokacin. Bayan sallar asuba ka rubuta ayyuka uku kawai. In sun kai goma, hannunka zai tafi ga masu sauƙi, mai nauyin ya kwana. Wanda ya fi wuya ka sa shi da hantsi, kafin rana ta take kuma kafin masu ƙorafi su cika zaure. Lokutan salla sun ishe ka agogo: "kafin azahar", "bayan la'asar". Kada ka rubuta "an jima" ko "wani lokaci".

In rubutu bai zauna maka ba tukuna, yi zane. Buhu na nufin taki, da'ira na nufin taro. Bayan isha'i ka yi maki a gaban abin da aka gama, wanda ya rage ka kai shi shafin gobe. Aikin da ya yi kwana uku yana bin ka, ka tsaya ka bincika: ko kuɗinsa babu, ko wanda ka ba shi bai gane ba.

Lissafi da baya-baya

Nan ne shugabanni da yawa ke tuntuɓe, don haka a karanta a hankali. Ba daga yau ake fara lissafi ba, daga ranar da ake bukatar abin ake farawa, a dawo baya.

A ce ku 25 ne, kowa na son buhu 2 na takin zamani irin NPK. Buhu 50 ke nan, kowanne kilo 50, jimla kilo 2,500. Wannan kaya ya fi ƙarfin amalanke a tafiya ɗaya, mota ake nema. A yankin Kano shuka kan kankama a watan Yuni, takin farko kuma ana sa wa masara shi cikin mako biyu da shuka. To rabo ya zama farkon Yuni. Mota ta kawo kaya mako guda kafin nan, tun hanyar ƙauye ba ta yi laka ba. A biya dila a tsakiyar Mayu, domin da ruwa ya sauka kowa zai nufi kasuwa, farashi ya tashi. Karɓar kuɗi kuwa tun da kaka ake fara shi, lokacin da rumbu ke cike. Wanda ya bari sai Mayu zai tarar da mutane sun ci hatsinsu, sai haƙuri za a yi ta ba shi.

Ka rubuta har da wurin ajiya. Buhun da aka jibge a kan daɓe yana jan danshi ya dunƙule, musamman takin yuriya. A shimfiɗa katako, a bar tazara tsakanin buhuna da bango.

Raba aiki da taro

Kuɗi na hannun ma'aji, da rasit. Rubutun taro na sakatare ne. Shugaban da ya haɗa duka a hannunsa, ranar da zazzaɓi ya kwantar da shi ƙungiya ta tsaya cik. In za ka ba mutum aiki, ambaci sunansa a gaban jama'a: "Malam ma'aji, kai za ka je wurin dila ranar Laraba, ka kawo mana farashi kafin magariba." In aka ce "a je a tambayo", babu mai zuwa.

Tsakanin la'asar da magariba lokaci kaɗan ne. Ka zo taro da batu uku a rubuce, a fara da karanta abin da aka yanke a taron baya da wanda aka ɗora wa.

Aikin gida

Ka rubuta shafin gobe da ayyuka uku. Sannan ka zaɓi ranar da ƙungiyarku za ta raba taki ko iri, ka lissafo da baya-baya har zuwa ranar fara karɓar kuɗi, ka zo da shi aji mu duba tare.