Yadda Ake Ƙwatar Gurbi a Layin Gaba a Sansanin Atisayen NFL

In har wani kulob na gasar ƙwallon Amurka ta NFL ya kira ka sansaninsa na ƙarshen watan Yuli, to ba sai an koya maka tsugunno ko inda ake ɗora hannu a ƙirjin mutum ba. Don ka iya aka kira ka. Wannan rubutu na waɗanda ke neman gurbi ne a layin gaba, wato ƙartin nan biyar da ke kare kwatabak (jagoran farmaki mai jifar ƙwallo) suna kuma buɗe wa mai gudu da ƙwallo hanya: senta a tsakiya, gadi biyu a gefensa, takul biyu a baki. Na sha ganin samari masu ƙarfi kamar me suna komawa gida a ƙarshen Agusta, aka bar wani wanda ko rabinsu bai kai ba, kuma kusan kullum dalilin ɗaya ne: wuri guda kawai suka iya tsayawa.

Mataki na farko: ƙirga kujeru kafin ka sa hannu

Kulob na shiga sansani da 'yan wasa 90, ya fita da 53. A cikin 90 ɗin, 'yan layin gaba sukan kai goma sha biyar ko sha shida, amma waɗanda za su tsira galibi tara ne, wani lokacin goma. Sai ka zauna ka yi lissafi. Biyar na farko an san su tun watan Mayu. Wanda kulob ya ɗauko a zagaye na biyu ko na uku na zaɓen sabbin 'yan wasa na bana ba inda za shi, ko da ya yi ta kwaɓa, domin shugaban da ya zaɓo shi ba zai kunyata kansa cikin wata huɗu ba. Tsohon hannun da aka riga aka lamunce wa miliyoyi shi ma zama daram. In ka cire waɗannan, za ka ga kujera ɗaya ko biyu ce ta rage, ku kuwa shida ko bakwai ne a kanta.

Wanda ba a zaɓa ba a watan Afrilu yana da 'yancin da zaɓaɓɓe ba shi da shi: shi ke zaɓen kulob. Kada ka bi suna, kada kuma ka bi wanda ya ɗara da 'yan dubban daloli na sa hannu. Bi inda layin ya tsufa, ko inda ba su da senta na biyu. Wakilinka ya kamata ya kawo maka wannan lissafin a daren da aka gama zaɓe. In bai kawo ba, ka fara tunanin sauya wakili.

Akwai wata 'yar dama da matashi ke da ita. Ɗan wasan da ya cika kaka huɗu a gasar, in yana cikin jerin kulob a makon farko, albashinsa na shekara ya zama dole a biya shi. Kai kuwa mai araha ne: mafi ƙarancin albashin sabon shiga a 2025 dala 840,000 ne. Saboda haka in kuka yi kunnen doki da tsohon hannu, kai ake bari.

Mataki na biyu: zo da jikin da aka ce ka zo da shi

Kulob zai ba ka nauyin da yake so, galibi tsakanin kilo 136 zuwa 150 gwargwadon wurinka, za a kuma ɗora ka a sikeli ranar isowa. Wuce shi akwai tarar kuɗi, kuma mafi muni, koci ya riga ya sa maka alama. Gwajin gudu na ranar farko ma haka. Ka saba wa jikinka da zafi makonni kafin ka zo, ka riƙa auna kanka kafin atisaye da bayansa, ka mayar da ruwan da ka zubar. Korey Stringer, takul ɗin Minnesota Vikings, bugun zafi ne ya yi ajalinsa a sansani ranar 1 ga Agusta, 2001. In ka ji jiri, ka faɗa.

Kwanakin farko ba a sa sulke, kuma yarjejeniyar 2020 tsakanin NFL da ƙungiyar 'yan wasa ta ƙayyade atisaye da sulke zuwa sau 16 kacal a sansani gaba ɗaya. Ɗan layin gaba kuwa ba a gane shi sai da sulke. Ka ga ke nan ba ka da ranar ɓatawa.

Mataki na uku: koyi hagu, koyi dama, koyi miƙa ƙwallo

A nan ne maganar take. Ranar wasa kulob na iya sanya 'yan wasa 48 cikin shiri, da sharaɗin takwas daga cikinsu 'yan layin gaba ne. In ba haka ba 47 kawai. Biyar suna fili, uku suna benci, kuma ukun nan ne za su rufe wurare biyar in wani ya ji rauni. Don haka koci na neman takul ɗaya da zai iya tsayawa hagu da dama, da mutum ɗaya da zai iya gadi ya kuma iya senta, sai na uku wanda ya fi kowa shiga ko'ina. Wanda ya ce shi gadin hagu ne kurum tun daga jami'a, ya cire kansa da kansa, sai fa in ya fi na farko iyawa, kuma da wuya.

Sauya ɓangare ba ƙaramin abu ba ne, kada wani ya ruɗe ka. Kamar ɗan dambe ne da ya shekara goma yana ɗaure dama, rana tsaka a ce ya kwance ya ɗaure hagu: tsayuwa ta juye, ƙafar da ke gaba ta koma baya, hannun kariya ya zama na duka. A hagu, ƙafar hagu ce a baya, ita ke shurawa in za ka ja baya ka tare mai kawo farmaki, ta dama kuma ita ce turke mai toshe ciki. A dama komai ya juye. Abin da na fi gani shi ne wannan: yaro ya koma dama, takun farko ya fita daidai saboda yana tunaninsa, na biyu ma haka, a na uku sai jiki ya koma gidan jiya. Ƙafar ciki ta zame baya, kafaɗa ta buɗe, mai farmaki ya ga ƙofa ta ciki ya shige, kwatabak yana ƙasa kafin ya ɗaga hannu. A bidiyo abin bai wuce daƙiƙa biyu ba, amma da yamma koci zai mayar da shi baya sau da yawa a gaban kowa, yana nuna ƙafar da jan haske.

Maganinsa maimaici ne tun kafin sansani. Daga watan Mayu, duk takun da ka yi a ɓangaren da ka saba, yi biyu a ɗayan. Ni a wurina wannan doka ce. Sa wani ya ɗauke ka da waya daga baya, ba daga gefe ba, domin ta baya ake ganin faɗin ƙafa da karkatar ƙugu. Kada ka manta tunani ma yana juyewa: a tsarin kulob da yawa lambar cika a sunan dabara na nufin dama, mara cika na nufin hagu, don haka dabarar da jiya kai ne a gabanta, yau kai ne a bayanta, aikinka ya sauya gaba ɗaya. Ka haddace littafin dabaru ta wurare biyar ɗin duka, ba naka kaɗai ba.

Sai miƙa ƙwallo, wato aikin senta na tura wa kwatabak ita ta tsakanin ƙafafunsa a fara kowace dabara. Ko ba ka taɓa yin senta ba, ka fara. Kafin atisaye akwai ɗan lokacin da sentoci da kwatabak-kwatabak ke fitowa su gwada miƙo. Fito tare da su ba sai an kira ka ba. Kama kwatabak na uku, shi ma neman gurbi yake, ba zai ƙi ba. Yi na hannu da hannu, yi na jifa zuwa yadi biyar a baya. Kuskuren sababbi shi ne su yi ta miƙo a tsaye cak har su ce sun iya. A fili kuwa, hannunka na tafiya baya ne a daidai lokacin da ƙafarka ke taku gefe, ga wani ƙato mai kilo 150 hancinsa a kan hularka. Don haka kowane miƙo a haɗa shi da taku, a kuma sa wani ya tunkuɗo ka. Jiƙa ƙwallon da ruwa wani lokacin, domin gumin Agusta ma haka zai yi mata. Ƙwallo ɗaya da ta wuce kan kwatabak a wasan share fage ta isa ta goge mako biyu na aiki mai kyau.

Sannan ka roƙi a sa ka a rukunin da ke kare mai bugun ƙwallo ta tsakanin sanduna. Aiki ne marar daɗi, kana duƙe ana afko maka, ba wanda zai yaba, amma wanda ke benci dole ya yi shi.

Mataki na huɗu: rage kurakuran kai

'Yan jarida da 'yan kallo sun fi son karon mutum da mutum, inda ake ware ɗan layin gaba ɗaya da mai farmaki ɗaya. Ka yi ƙoƙari a ciki, amma ka sani an gina shi ne don mai farmaki: fili a buɗe, ya san jifa za a yi, ba wanda zai taimake ka. Kociyoyi sun san haka. Abin da ba sa yafewa shi ne ka tare wanda ba naka ba, ka bar naka ya wuce salin-alin. Wanda aka fi ƙarfinsa ana iya gyara masa taku. Wanda bai san inda za shi ba, ba mai yarda ya sa shi gaban kwatabak na miliyoyi.

Inda wannan ya fi fitowa shi ne lokacin da masu farmaki biyu suka yi musayar hanya, ɗaya ya soko ciki, ɗayan ya zagayo ta bayansa. Dole kai da maƙwabcinka ku kasance a layi ɗaya, ka miƙa masa naka ka karɓi nasa, ka kuma yi magana da ƙarfi. A rukuni na uku kusan kullum da sabon maƙwabci za ka tashi, don haka ka neme shi tun a ɗakin cin abinci ku daidaita kalmominku. Haka nan tutar laifi da alƙali ke jefawa: motsi kafin miƙo a mayar da ku baya yadi biyar, riƙo yadi goma. Tun 2024 alƙalai sun matsa kan takul ɗin da ke ja da baya daga layi don ya samu rata. Ka tabbata hularka ta kai daidai ƙugun senta.

Wata shawara ta gefe: kada ka kama hayar gida, kada ka sayi mota. Kulob ne ke ba da masauki da abinci a sansani, kuɗin mako da ake bayarwa kaɗan ne, albashin gaske sai an fara kaka.

Mataki na biyar: wasannin share fage

Tun 2021 uku ne kawai, ban da kulob biyun da ke buga wasan buɗewa a Canton ta jihar Ohio. Manya ba sa daɗewa a fili, a wasan ƙarshe ma da yawansu ba sa shiga, ku ne za ku kwashe shi. Zubi na huɗu, an gaji, filin ya watse, maki ba ya damun kowa: nan ne bidiyonka yake. Sauran kulob 31 duk suna da masu duba shi. In koci ya tambaya wa zai koma dama ko wa zai karɓi senta, ɗaga hannu. In an shirya atisayen haɗin gwiwa da wani kulob, ka ɗauke shi da muhimmanci fiye da wasan, domin a can ake fito da dabarun da ake ɓoyewa a gaban kyamara.

Rauni ƙarami, a yi magani a fito. Babba, kada ka ɓoye, kuma kada ka sa hannu a takardar sasancin sallama kan rauni sai wakilinka ya karanta.

Mataki na shida: ranar sallama

Daga 2023 zuwa 2025 ragin sau ɗaya aka riƙa yi, ranar Talata bayan wasan ƙarshe, ƙarfe 4 na yamma agogon New York. Bar wayarka a kunne. In aka ce koci na nemanka ka zo da kwamfutar dabaru, ka gane. Yi godiya, tambayi abin da za ka gyara, kada ka bar garin. Wanda bai cika kaka huɗu ba, sauran kulob na da damar ɗaukarsa zuwa washegari da rana. In ba wanda ya ɗauka, saura rukunin 'yan atisaye mai mutum 16, inda ƙaramin ɗan wasa ya karɓi dala 13,000 a mako a 2025, ana kuma iya ɗago shi ya buga wasa har sau uku a kaka.

Ga wanda ya fito daga wajen Amurka akwai ƙarin ƙofa: tun 2024 kowane kulob na da kujera ta 17 a wannan rukuni don ɗan ƙasar waje. NFL ta yi sansanin neman 'yan wasa a Accra a 2022 da Legas a 2024, kuma Roy Mbaeteka ɗan Najeriya ya sa hannu da New York Giants a 2022 ba tare da ya taɓa buga wasa ba. Jordan Mailata, wanda Philadelphia Eagles suka ɗauko daga wasan rugbi na Ostireliya a zagaye na bakwai a 2018, sai a 2020 ya fara buga wasan gasa, shekara biyu yana koyo a hannun koci Jeff Stoutland.

In kuwa sunanka ya fito cikin 53 ranar ragi, kada ka yi saurin kiran gida. Washegari kulob na iya ɗauko wani da aka sallama a wani wuri, kuma ɗan layin gaba na tara ne ake fara cirewa a ba shi wuri. Jira sai bayan kwana biyu.