Yadda za ki shuka ganyen suna a buhu da bokiti a gidan haya a Legas

Ranar sunan ɗiyar ƙanwata a Agege duk alayyahun da ya shiga miyar taushe daga bayan ɗakina aka yanko shi, zogalen kwaɗo ma rabi nawa ne, rabin ne kawai muka ƙaro daga kasuwa don mata sun yi yawa. Buhunan shinkafa 6 ne da bokitan fenti 4, iyakar lambun kenan. Tun daga ranar ake ta tare ni da tambaya wai ya na yi a gidan da ko wajen shanya sai an yi layi, to 'yar uwa zauna ki ji.

Da farko dai ki ajiye ilimin shukar da kika taho da shi daga gida. Mu can arewa ƙishi ne ke kashe shuka, shi ya sa hannunmu ya saba da ban ruwa safe da yamma, nan kuwa Legas ruwa ne ke kashe ta. Damina tana kankama tun wajen Afrilu, Yuni da Yuli sai dai a ce Allah ya kawo sauƙi, ta ɗan lafa a Agusta sannan ta dawo Satumba da Oktoba. Buhuna na farko ban huda shi ba, kuma ga ni da ƙwazo kullum sai na ba shi ruwa, cikin sati 2 ganyen ya yi rawaya, da na tuge sai na ga saiwar ta yi baƙi ta ruɓe tana wari kamar gwata. Don haka kafin ki zuba ko hannu ɗaya na ƙasa, ɗauki wuƙa ki huhhuda gindin buhun da gefensa na ƙasa, bokiti kuma ki ɗora ƙusa a wuta ki ɓula shi wuri 8 ko 10, kar ki ji tausayinsa. Sannan ki ɗora su kan bulo ko guntun katako, kada gindinsu ya zauna a siminti, don in aka yi ruwan nan da ke cika tsakar gida har idon sawu ba ruwanki. Kuma kar ki sa faranti a ƙasa wai don tare ruwa, gidan sauro kika gina.

Buhun shinkafa mai kilo 50 shi ne daidai, ki naɗe bakinsa ya dawo kamar rabi. Bokitin fenti ki wanke shi tas, ki kankare busasshen fentin ciki. Duk robar da aka taɓa zuba maganin ƙwari ko man inji ki bar ta, abin da za ki ci ne.

Maganar ƙasa ita ce ke ba mutane wahala. Awon da nake yi shi ne baƙar ƙasa kwano 2, yashi kwano 1, ruɓaɓɓen taki kwano 1, a gauraya sosai. Baƙar ƙasa masu sayar da furanni a bakin titi suna da ita a buhu, ki taya kar ki biya kuɗin farko. A can ƙasan buhun nakan fara zuba ɓawon kwakwa da ɓurɓushin gawayi kamar kaurin tafin hannu, ɓawon kwakwa kam ba ya wuya a garin nan, masu fasa kwakwa neman mai kwashe musu suke yi. Taki kuma ga 'yan uwanmu masu raguna da shanu, in kina kusa da mayankar Oko-Oba ko wata kasuwar dabbobi ki aiki yaro da buhu. Amma don Allah kar ki zuba ɗanyen kashi a shuka, ƙona ta yake yi, ki tara shi gefe ki rufe da leda ki riƙa juyawa har sai ya yi baƙi warin ya tafi, wata 1 ƙaranci kenan, na kaji ma ya fi zafi sai ya fi haka. Ki nemi lungun da warin ba zai shiga ɗakin kowa ba, ni sai da mai kula da gidanmu ya zo har ƙofa yana faɗa da Yarbanci da Turanci a haɗe kafin na koyi wannan.

Sai wuri. Ganye yana son rana kamar awa 5 zuwa 6, ki tsaya ki lura da inda rana ke faɗawa a gidanku kwana 2 kafin ki jera buhunan, kuma ki kauce wa daidai bakin kwano inda ruwan sama ke zubowa da ƙarfi, zai tone miki iri ya watsar.

Yanzu ga lissafin da ya sa na ce ganyen suna. Ki ƙirga baya ne daga ranar taro. Biki yana da rana, an sa an sa, amma haihuwa ba ta jiran kalanda, ga suna kwana 7 ne kacal bayanta, babu ganyen da zai fito miki cikin kwana 7. To dabarar ita ce shuka kashi-kashi. Zogale shi ne mai jan lokaci, ki shuka shi tun cikin yana wata 6 ko farkon na 7, ƙwaya 2 a buhu, zurfin gaɓar yatsa, cikin sati 1 zuwa 2 zai tsiro. In kin samu mai bishiya ta sara miki reshe mai kauri kamar tsawon hannu ki kafa, ya fi sauri. Da ya kai gwiwa ki tsinke kansa, na san zai yi miki ciwo a rai amma in kika bar shi zai miƙe siriri kamar sandar rake ya wuce katanga, ganye 'yan kaɗan a can sama. Tsinke kan ne ke sa ya yi rassa. Ba sai kin gaya wa kowa dalilin shukar ba, mu da kunyar ciki, in aka tambaya ki ce sha'awa ce.

Alayyahu shi ne ɗan albarka, sati 3 zuwa 4 kin fara yanka. Irinsa ƙanana ne kamar kwalli, in kika watsa shi haka nan zai fito a cunkushe wuri guda, ki gauraya ɗan tsunkule da yashi cikin tafin hannu ki barbaɗa, ki rufe da ƙasa shafe-shafe. In ya fito ki rage, ki bar tazarar yatsu 4 tsakani, waɗanda kika cire ki jefa a miya. Ki shuka buhu 2 yau, bayan sati 2 ki shuka wasu 2, haka haka, duk ranar da Allah ya sauke mai cikin lafiya akwai wanda ya isa yanka. Kuma yanka za ki yi ba tugewa ba, ki bar gindi da ido 2 ko 3, zai sake toho. Yarbawa suna ce masa tete, in ba ki samu iri wajen mutanenmu a kasuwar Mile 12 ba ki tambaya da wannan sunan. Lalo ma haka, shi ne ewedu ɗinsu, sai dai irinsa taurin kai ne da shi, ki ƙulle shi a ƙyalle ki tsoma a ruwan zafi ki cire nan take kafin ki shuka, maƙwabciyata ce ta nuna min, da sai in yi ta jira ba ya fitowa.

Yakuwa da rama suna yi, wajen sati 6 kin samu na fate. Amma kar ki sa rai da zoɓon sha daga buhu, ba ya fure sai ƙarshen shekara kuma abin da za ki samu ko jarka ɗaya ba zai haɗa ba, ki saya abinki. Tumatur a daminar Legas ni na haƙura da shi, ganye ya yi ɗigo-ɗigo ya bushe, in za ki gwada ki bari sai Nuwamba. Attaruhu ya fi shi juriya nesa ba kusa ba.

Ban ruwa kuwa yatsanki ne alƙali, ki cusa shi cikin ƙasar, in kin ji danshi ki wuce abinki. Ruwan wanki mai omo kar ya je wurin, na gwata balle. Masu zama kusa da ruwa inda rijiya ke da gishiri-gishiri ku tari na sama a diram ku rufe.

Ɓarayin lambu a nan dare suke zuwa. Za ki kwanta da tsiro kore shar, ki tashi ki ga kara tsirara da wani farin sawu mai sheƙi a jikin buhu, to dodon koɗi ne. Ki fito da tocila bayan isha'i ki tsince su, ki zagaye buhun da toka, in ruwa ya wanke ki sake. Ƙananan ƙwarin nan masu mannewa a bayan ganye kuma ganyen darbejiya ne maganinsu, ki daka hannu 2 ki jiƙa ya kwana, ki tace ki yayyafa da yamma har bayan ganyen. Dama za ki nemo darbejiyar don wankan jego, ki san bishiyar tun yanzu. Kajin maƙwabta kuma tsohon gidan sauro ki lulluɓa.

Sai kayan rabo, wanda shi ne ya fi burge mata ranar. Nan garin ba a taro a tashi hannu rabbana, sai an raba roba ko kofi, ni kuwa ba ni da kuɗin wannan, sai na tara gwangwanayen madara da na tumatur tun da wuri, na wanke na danne kaifin bakin da cokali, na huda gindi da ƙusa. Na je wajen telan layinmu ya ba ni ƙyallayen atamfa cike da leda kyauta, na yanka daidai tsayin gwangwani na shafa gam na naɗe, na ɗaure wuyan da zaren ulu. Ki bar gindin a buɗe kar ƙyallen ya rufe ramukan, kuma ki naɗe leda ta ƙasan atamfar in kina so ta daɗe, don tsatsa na fitowa da wuri. A ciki na'a-na'a na sa da ɗaiɗoya, su ba sa buƙatar iri, ki yanko reshe ki cire ganyen ƙasa ki tsoma a kofin ruwa bakin taga, wajen sati 1 zuwa 2 za ki ga farar saiwa, sai ki dasa. Ki yi wannan aƙalla sati 3 kafin taro don su kama. Yara suna son aikin nan, ki ba su shafa gam ke ki riƙe almakashi.

Ranar suna ki yi yanka da asuba kafin rana ta taɓa ganyen, ki wanke da ruwan gishiri ki baza a faifai. Zogalen ki zage shi tun daren jiya don shi ne mai cin lokaci, ki tara mata 3 ana hira ana zagewa, ki dafa ki matse, ƙuli-ƙuli da albasa da yaji da ɗan mai, kar a haɗa sai dab da ci don yana saurin saki. In ya yi saura kina so ki shanya, ki sani iskar Legas laima ce da ita, in kika tara shi da kauri kwana 2 ya yi fumfuna, ki baza shi siriri a inuwa ƙarƙashin fanka, ko ki jira ɗan hunturun Disamba da Janairu. Gwangwanaye 25 na yi ranar ba su isa ba, wata gwaggon mijin ƙanwata har yau in mun haɗu sai ta ce ina nata, na riga na tsoma mata reshe a kofi.